Filin Tambaya da Amsa: Wannan 1:50,000 da ke gindin taswira, me yake nufi ne?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan rabinsu akan abu ɗaya ne, wato sikelin taswira, wanda wasu malaman ke cewa ma'aunin taswira, shiyasa na ga gara in tattara su wuri guda in amsa. Wasu na rage musu tsawo saboda fili, amma ban taɓa ainihin tambayar kowa ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce a sakandare kuma gaskiya ina son darasin labarin ƙasa, amma duk lokacin da aka zo wajen lissafin taswira sai kaina ya ɗaure. Ana rubuta 1:50,000 a ƙasan taswira, malaminmu yace mu haddace yadda ake yi, na haddace, amma da an canza lambar sai in rikice. Dan Allah a min bayani yadda zan gane ba hadda ba.

AMSA: 'Yata, Allah ya yi miki albarka, kuma tambayarki ita ce uwar duk sauran shiyasa na fara da ita. Ajiye haddar a gefe tukuna. Abu ɗaya nake so ki riƙe, sikeli ba komai bane illa amsar tambayar nan: sau nawa aka rage ƙasa kafin ta shiga takardar nan? Shikenan. In kika ga 1:50,000 to mai taswirar yana gaya miki ne cewa duk wani tsawo da ke ƙasa na gaske, ya rage shi sau 50,000 sannan ya zana. Don haka in kina so ki koma daga takarda zuwa ƙasa sai ki mayar masa da abin da aka rage, wato ki ninka sau 50,000, in kuma daga ƙasa zaki shigo takarda sai ki raba.

Ki lura ba a rubuta santimita ko inci ko mita a jikin lambar ba, kuma da gangan ne. Duk abin da kika auna da shi a takarda, irinsa 50,000 ne a ƙasa. Santimita ɗaya a takarda, santimita 50,000 a ƙasa. Inci ɗaya, inci 50,000. Ko da faɗin babban yatsanki kika auna, to faɗin yatsanki 50,000 ne a jere a ƙasa. Wannan shi yasa taswirar da aka buga a Japan, wanda baya jin Japananci ko kalma ɗaya zai iya ɗauka ya auna nisa da ita.

Inda yawancin ɗalibai suke faɗuwa ba a sikelin bane ma, wajen mayar da santimita zuwa kilomita ne. Mita ɗaya santimita 100, kilomita ɗaya mita 1,000, kenan kilomita ɗaya santimita 100,000 ce, sifili biyar. Wannan kam ki haddace shi. To santimita 50,000 rabin 100,000 ne, kinga kenan a taswirar 1:50,000 kowace santimita ɗaya rabin kilomita ce, mita 500, santimita biyu kilomita ɗaya cif. Yanzu ace kin ɗora rula tsakanin gada da tashar jirgin ƙasa kin samu santimita 7.4, basai kin cika takarda da sifilai ba, rabin 7.4 kawai, kilomita 3.7.

In an canza lambar fa? Hanya ɗaya ce dai. Ki ƙirga gurbi biyar daga dama ki saka ɗigo, abin da ya fito shine kilomitar da santimita ɗaya ke wakilta. 1:250,000 zai baki 2.5. 1:1,000,000 zai baki 10. 1:25,000 zai baki 0.25, wato mita 250. Ni abu na farko da nake yi in aka miƙo min taswira kenan, tun kafin in kalli koguna da duwatsu, in rubuta a gefe da fensir "santimita 1 = kaza", daga nan duk sauran lissafin ninkawa ce ta 'yan firamare.

Akwai kuma tambayar da ake juyawa, ace garuruwa biyu nisansu kilomita 15 a ƙasa amma a taswira santimita 6 ne, nemo sikeli. Ki mayar da su yare ɗaya tukuna, kilomita 15 santimita 1,500,000 ce, ki raba da 6, ki samu 250,000. Sikelin 1:250,000 kenan. Sau nawa aka rage, ita ce dai tambayar har yanzu.

Wata rana zaki ci karo da lamba mai ban mamaki irin 1:63,360 a tsofaffin taswirorin da Turawan Ingila suka yi, kar ta firgita ki. Mil ɗaya inci 63,360 ne, to sikelin yana nufin inci ɗaya mil ɗaya. Haka a Amurka hukumarsu ta safiyo ta daɗe tana amfani da 1:24,000, wanda a cikinsa inci ɗaya ƙafa 2,000 ce. Kowa yana zaɓar lambar da zata zo masa da sauƙi a ma'aunin da ya saba da shi.

TAMBAYA: Malam ni abin da ya hana ni barci shine maganar babban sikeli da ƙaramin sikeli. A gwaji na rubuta cewa 1:1,000,000 shine babba akan 1:10,000 aka bani kuskure. Ta yaya miliyan zai zama ƙarami? Anya ba malamin ne ya yi kuskure ba?

AMSA: Ɗana, malaminka yana da gaskiya, amma kai ma ba laifinka bane, sunan ne yake da ruɗu kuma har manya yana kayar da su. Wannan ɗigo biyun da ke tsakiya ka ɗauke shi a matsayin "bisa". 1:10,000 ɗaya bisa dubu goma ne, 1:1,000,000 ɗaya bisa miliyan. In aka raba abu gida goma aka baka kashi ɗaya, aka kuma raba irinsa gida dubu aka baka kashi ɗaya, wanne ya fi tsoka? Na gida goman mana. To haka ne, duk yadda lambar dama ta ƙara girma, ragewar ta fi tsanani, abubuwa sun fi ƙanƙancewa a takarda, sai ace ƙaramin sikeli.

In lissafin bai zauna maka ba ka bi ta ido. Taswirar da gida ke fitowa babba har ka ga kwanar titi da filin ƙwallo, babban sikeli ce. Wadda birni guda ya koma ɗigo, ƙaramin sikeli ce. Girman abubuwan da ke ciki ake nufi, ba girman yankin da ta ɗauko ba.

Amma ina so ka wuce maganar suna, domin akwai abin da ya fi shi muhimmanci kuma ba kasafai ake faɗa a aji ba. Sikeli ba nisa kaɗai yake yanke wa hukunci ba, shine yake yanke abin da zai shiga taswira da abin da za a jefar. Ɗauki gida mai faɗin mita 10. A 1:1,000 santimita ɗaya ne, ana iya zana shi da ƙofarsa. A 1:50,000 ya koma kashi ɗaya cikin biyar na milimita, tsinin fensir ma ya fi shi. A 1:1,000,000 kuwa babu shi babu labarinsa, unguwarsu ma gaba ɗaya bata kai ɗigo ba. Mai zanen dole ya zaɓa, wannan ƙauyen ya shiga wancan a barshi, wannan rafin a nuna wancan a share, lanƙwasa goma na kogi a mayar da su uku. Abin da kuma ya ga dole a nuna, sai ya kumbura shi. Titin da aka ja da jan layi mai kaurin milimita ɗaya a taswirar 1:1,000,000, in ka bi sikeli faɗinsa kilomita guda kenan, kuma kasan babu titi mai faɗin kilomita. Don haka kar ka taɓa auna faɗin titi ko kogi a ƙaramin sikeli, alama ce kawai aka saka maka. Kuma in baka ga ƙauye a taswirar ƙasa baki ɗaya ba, hakan baya nufin babu mutane a wurin, wannan abin yana damuna sosai domin na sha ganin mutane suna kallon farin wuri a taswira suna cewa ai nan daji ne babu kowa, alhali sikelin ne bai basu gurbi ba.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni malamar makaranta ce. Na kai taswira wajen masu fotokwafi nace a ƙara mata girma daga A4 zuwa A3 saboda yara su gani da kyau, muka yi lissafin nisa a aji sai amsoshin duk suka saɓa da na littafin jagora. Na duba lissafina sau uku ban ga kuskure ba. Ina matsalar take? Sannan yara suna yawan faɗuwa a lissafin faɗin fili, ko akwai dabara?

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari, Allah ya biya ki, wanda ya damu yara su gani da kyau har ya je ya ƙara girman takarda ai ya cancanci a yaba masa. Lissafinki lafiya lau yake, injin ne ya canza miki sikeli bai gaya miki ba. Ya ƙara girman koguna da hanyoyi da komai, ita ma lambar 1:50,000 ɗin ya ƙara mata girman rubutu, amma bai canza abin da take cewa ba, sai ta koma tana bada shaida akan taswirar da ba ita ba. Daga A4 zuwa A3 kowane tsawo yana ƙaruwa zuwa kashi 141 cikin 100, shine lambar da zaki gani a jikin injin. Kenan taswirar 1:50,000 ta koma kusan 1:35,400, duk amsar da kuka samu zata zarce ta gaskiya da kusan kashi 41 cikin 100. Ki duba littafin jagorar, ina kyautata zaton haka zaki tarar. In da ragewa kika yi daga A3 zuwa A4, wato kashi 71, da ta koma wajen 1:70,700.

Anan ne amfanin sikelin layi yake fitowa, wannan ɗan sandan da ake zanawa a gindin taswira mai gaɓa-gaɓa baƙi da fari an rubuta 0, 1, 2, 3 kilomita. Yawanci sikeli kala uku ake nuna shi, na lamba irin wanda muke ta magana, na jimla kamar ace santimita 2 na wakiltar kilomita 1, sai na layi. Biyun farko da an taɓa girman takarda sun mutu. Na layin shi kaɗai ne yake girma tare da taswirar ya kuma ƙanƙance tare da ita, tunda shi ma zane ne. Shawarata in zaki sake yi, ki rufe na lamba da na jimla da 'yar takarda kafin a ɗauka, ki bar na layin, ki koya wa yara su ɗauki nisan da gefen farar takarda su yi alama biyu da fensir su kawo kan layin su karanta. Haka in kin haska taswira a bango da majigi.

Maganar faɗin fili kuwa, kuskuren ɗaya ne kusan ko yaushe. Ace tafki ne a taswirar 1:50,000, tsawo santimita 4 faɗi santimita 3. Yaro zai ninka ya samu 12, sai yace ai santimita ɗaya rabin kilomita ce, ya raba biyu ya rubuta 6. Ba haka bane. Ragewar ta shafi tsawo ta kuma shafi faɗi, sau biyu kenan. A fara mayar da kowane gefe: 4 ta zama kilomita 2, 3 ta zama kilomita 1.5, sannan a ninka, murabba'in kilomita 3. Rabin abin da yaron ya rubuta. Dabarar da nake ganin ta fi shiga kai ita ce ki sa su zana murabba'i mai santimita 2 kowane gefe, suce wannan kilomita ɗaya ce ta kowane gefe, sannan su tsaga shi gida huɗu da fensir, su gani da idonsu cewa ƙaramin akwatin santimita ɗaya kwata ne ba rabi ba. Gani ya kori ji. Daga nan ma zasu gane dalilin da yasa yankin da ya shiga takarda ɗaya a 1:50,000 sai an bashi takarda huɗu a 1:25,000 ba biyu ba.

TAMBAYA: Malam mun auna tafiya a taswira muka samu kilomita 9, da muka taka da ƙafa wayar abokina ta nuna 12 da wani abu. Taswirar ce ta yi ƙarya ko wayar?

AMSA: Ɗan'uwa, ina zaton babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, rula kuka ɗora. Rula tana baka tafiyar tsuntsu ne, miƙe sak, ku kuma hanya kuka bi da kwane-kwanenta. A samu zare, a kwantar da shi akan hanyar a bi kowace lanƙwasa a hankali ana dannewa da farce, sannan a miƙar da shi akan sikelin layi. In babu zare gefen takarda ma ya isa, ana juya ta gaɓa-gaɓa ana yin alama.

Hawa da gangara ma suna ƙarawa tunda taswira daga sama take kallon ƙasa, amma ba kamar yadda mutane suke zato ba. In a cikin kilomita ɗaya ka hau mita 100, tafiyar ƙafarka mita 1,005 ce kacal, gajiyar ce take sa ka ji kamar ta ninka. Sai hawan ya yi tsanani, kamar mita 300 a cikin mita 400, sannan zata kai 500.

Ko da zaren ma zaka samu ƙasa da gaskiya kaɗan, saboda abin da na gaya wa ɗan'uwanmu a sama, mai taswira ya riga ya goge ƙananan kwanoni. Wani masani ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, ya taɓa lura cewa iyakar da ke tsakanin Sifaniya da Fotugal, a wasu littattafan kilomita 987 ce, a wasu kuma 1,214, iyaka ɗaya fa. Bayanin da ya kawo shine duk wanda ya auna layi mai karkace-karkace da ƙaramin ma'auni zai shiga lunguna da yawa, sai tsawon ya ƙaru. Gaɓar teku ma haka take, shiyasa zaka ga littattafai suna saɓawa akan tsawon gaɓar ƙasa ɗaya.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, na ga ana ta yaɗawa a intanet wai taswirar duniya da muka sani tun muna yara ƙarya ce, an ƙanƙantar da Afirka an kumbura Turai. Gaskiya ne? In gaskiya ne to ina amfanin sikelin da aka rubuta a ƙasanta?

AMSA: Wannan tambaya naji daɗinta ƙwarai. Maganar girman gaskiya ce, babu ja. A irin taswirar da ake nufi, tsibirin Girinlan yana fitowa kusan kai ɗaya da Afirka, alhali Afirka murabba'in kilomita miliyan 30 ce da 'yan kai, Girinlan kuwa miliyan 2 da ɗan ɗori, wato Afirka ta ninka shi kusan sau 14. Aljeriya ita kaɗai ta fi Girinlan girma, haka ma Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Rasha da ake gani ta mamaye saman taswira miliyan 17 ce, rabin Afirka da kaɗan.

Amma bari in gaya maka yadda aka yi, domin sanin dalilin ya fi fushin amfani. Duniya dunƙulalliya ce, takarda kuma shimfiɗaɗɗiya. Ka samu ƙwallon roba ka yanka ka ce zaka shimfiɗa ta akan tebur ta kwanta lif, ba zata yiwu ba sai ka ja wani wuri ko ka tsaga wani wuri. Wannan ba gazawar masu zane bace, masanin lissafin nan na Jamus Carl Friedrich Gauss ya tabbatar da shi da hujjar lissafi tun 1827. Duk taswirar duniya da ke kan takarda sai ta sadaukar da wani abu, ko siffar ƙasashe ko girmansu ko nisa, taura biyu bata taunuwa.

Ita wadda ake magana akai Gerardus Mercator ne ya fitar da ita a 1569, mutumin yankin da yanzu yake cikin Beljiyam, kuma matuƙan jirgin ruwa ya yi wa. Buƙatarsu ita ce su ja miƙaƙƙen layi daga tasha zuwa tasha su karanta kusurwar a kamfas su riƙe ta har su isa, kuma taswirarsa ta basu wannan. Ga farashin da aka biya. Layin ikwaita da ya zagaye tsakiyar duniya tsawonsa kusan kilomita 40,075 ne. In ka haura arewa zuwa digiri 60 daga ikwaita (ita ikwaita digiri 0 ce, ƙarshen duniya na arewa 90), wajen da biranen Oslo da Helsinki suke, zagayen duniya a nan rabin na ikwaita ne kawai. Amma a takardar Mercator layukan biyu tsawonsu ɗaya, daga wannan gefe zuwa wancan, kaga an ja na digiri 60 ɗin ya ninka kenan. Don kada ƙasashe su fito a baje kamar an taka su, sai ya ja su ta tsaye ma daidai da haka. Ninki biyu ta faɗi, ninki biyu ta tsawo, fili ya ninka huɗu, irin lissafin da muka yi da Malama ɗazu. A digiri 80 abin ya haura ninki 30. Girinlan tana tsakanin digiri 60 ne zuwa sama da 80, Afirka kuwa ikwaita ta ratsa ta tsakiyarta inda kusan babu jan komai. Kenan ba Afirka aka rage ba, na nesa da ikwaita ne aka kumbura, har da Antatika a kudu wadda take fitowa kamar farin bango.

To amsar tambayarka ta biyu, sikelin da aka rubuta a gindin irin wannan taswira a kan ikwaita kaɗai yake da gaskiya, taswirori masu kyau ma suna rubuta hakan da ƙananan baƙaƙe. Kar ka ɗora rula daga Landan zuwa Tokyo a kanta ka ninka, amsar banza zaka samu. A taswirar gari ko ƙaramin yanki wannan matsalar bata taso ba, saboda lanƙwasar duniya a kilomita 20 ko 30 bata kai ta dami rula ba. Abin da sikelinsa yake daidai ko'ina shine gulob, wannan dunƙulalliyar duniyar da ake juyawa akan tebur, mai faɗin santimita 30 sikelinta kusan 1:42,000,000 ne daga sama har ƙasa.

Ra'ayina, Mercator bai yi laifi ba, kayan aikin teku ya ƙera kuma ya yi aikinsa. Laifin na waɗanda suka ɗauko ta suka rataya a bangon aji ne shekara da shekaru ba tare da an gaya wa yaro ko sau ɗaya cewa girman da yake gani ba haka yake ba, kuma abin da ido ya saba da shi tun ƙuruciya da wuya ya fita. Akwai taswirorin da suka riƙe girman fili daidai. Wadda Arno Peters ya tallata a 1973, wadda James Gall ya riga shi kawo irinta tun 1855, tana nuna girma daidai amma Afirka tana fitowa a zazzage kamar an rataye ta. A 2018 wasu masana uku suka fitar da wadda suka kira Equal Earth, ita ma girma daidai kuma siffar ta fi daɗin kallo, ni ita zan zaɓa wa aji, a ajiye gulob a gefenta.

TAMBAYA: Malam tunda yanzu kowa da taswira a wayarsa, meye amfanin wahalar da yara da rula da zare?

AMSA: Ƙanena, sikelin yana nan a wayar taka, ka buɗe Google Maps ka ja da yatsu biyu zaka ga ɗan layi ya bayyana a kusurwar ƙasa yana cewa mita 200, ka matse ya koma kilomita 5. Sikelin layi ne, kuma shi suka zaɓa saboda dalilin da ya sami Malama mai fotokwafi, fuskar waya da ta kwamfuta girmansu ba ɗaya ba. A waya ma abin ya fi buƙatar kula, tunda taswirar takarda sikelinta ɗaya ne har ta yage, ta waya kuwa duk motsin yatsa sai ya canza, wurare biyu su yi maka kamar maƙwabta alhali tafiyar awa uku ce. Kuma masu safiyo da injiniyoyin hanya da matuƙan jirgi da masu zanen gini duk da sikeli suke cin abinci, takardar fili ko zanen gida da za a miƙo maka wata rana 1:500 ko 1:100 zaka gani a jiki.

TAMBAYA: Malam na samu wata tsohuwar taswira gefen da sikelin yake ya yage. Akwai yadda zan gano shi?

AMSA: Akwai, hanya biyu ma. In ka san ainihin nisan wurare biyu da ke ciki, nisan miƙe ba na kan titi ba, ka auna su da rula ka raba kamar yadda na nuna wa 'yata a tambayar farko. Ka gwada da wurare biyu ko uku daban, masu nisa da juna, don ka tabbatar amsar tana maimaituwa.

In baka san nisan ko'ina ba, duba gefen taswirar ko akwai lambobin digiri. Layukan da suke kwance, na latitud, tazarar digiri ɗaya tsakaninsu kusan kilomita 111 ce a ko'ina a duniya, wato zagayen duniya kilomita 40,000 a raba gida 360. Wannan awon tsoho ne, tun wajen shekarar 830 Halifa Ma'amun ya tura masana daga Bagadaza zuwa filin Sinjar da ke arewacin Iraƙi ta yau suka auna tsawon digiri ɗaya a ƙasa, kuma abin da suka samu bai yi nisa da na yau ba. To ka auna daga layin digiri ɗaya zuwa na gaba, daga kudu zuwa arewa. In ka samu santimita 11.1 sikelinka 1:1,000,000 ne, in 22.2 ne 1:500,000, in kuma wata lamba ce ka raba 11,100,000 da ita. In taswirar ta ƙaramin yanki ce mintoci zaka gani maimakon digiri, digiri ɗaya minti 60 ne, kowane minti kusan mita 1,850.

Abu ɗaya zaka kiyaye, kar ka yi wannan da layukan tsaye na longitud. Su tazararsu 111 ce a ikwaita kawai, suna ta matsowa kusa da juna har su haɗe a ƙarshen duniya na arewa da na kudu, a digiri 60 ma ta riga ta koma wajen kilomita 56. In ka gano sikelin ka zana sabon sikelin layi da biro a wani gefen da bai yage ba, sannan ka manna mata takarda mai kauri a baya kafin sauran ya bi.